Abin da Ya Zaunar da Ni Bayan Takaba

Maamobi, Accra

Zuwa ga 'yata Lami,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina gaishe ki gaisuwar uwa. Allah Ya tsare ki a hanyar da za ki kama ranar Asabar, Ya tsare motar da mai tuƙa ta, Ya sauke ki a hannun mutanen kirki, Ya sa ruwan garin ya karɓe ki.

Za ki yi mamakin samun takarda a cikin dardumarki, alhali bango ɗaya ne tsakanin ɗakina da naki, bangon ma da ko tari kika yi sai na ji. To kin san yadda aka raine ni. Kakata ce ta riƙe ni, tsohuwar da ta zo ƙasar nan daga arewa da tatsuniyoyinta da dokokinta, kuma a dokarta uwa ba ta zama ta yi doguwar hira da 'yar fari. Shi ya sa tun kina ƙarama nake aiko miki da magana ta bakin mutane. Wannan maganar kuwa ba ta aikuwa. Idan kuma na zaunar da ke, na san abin da zai faru: zan fara, ki sunkuyar da kai ki ce "to, Mma," ni ma in ji nauyi in koma zancen farashin gero. Takarda ba ta sunkuyar da kai, don haka ki yi haƙuri ki karanta har ƙarshe.

Tun ranar da mutanen Kotobabi, dangin yaron da zai aure ki, suka aiko aka kwashe akwatunan lefe nake kallon ki. Ban ce komai ba, amma ina da ido. Na ga kin tsaya da tsintsiya a tsakar gida har ƙurar da kika tara iska ta sake watsa ta. Na ga shinkafa ta kama a tukunya kina zaune a gabanta. Ina kuma jin saƙon muryar nan da yaron ya bar miki a waya, wanda kike kunnawa ki sake kunnawa. Har ni da ba a yi min shi ba na haddace inda yake gyaran murya kafin ya ce ba laifinki ba ne. Duk wannan na daure, na ce ciwon rabuwa ne, zai wuce. Sai ranar da kika zo kika ce ke da kanki kika nemi a tura ki koyarwa can wani ƙauye gaba da Takoradi, na tambaye ki dalili, kika ce kina so ki huta da mutane. Na san wannan maganar. Na taɓa faɗin ta da bakina, kuma saura kaɗan ta kai ni inda ba a dawowa.

Ba ki san labarin ba. Kina makarantar kwana a lokacin, ƙannenki kuma suna wurin gwaggonku. Abin da aka gaya muku shi ne Mma ta yi zazzaɓi mai tsawo.

Ranar da mahaifinki ya rasu, da safe ina tace gasarar koko a ɗaki, shi kuma ya tsaya a bakin ƙofa yana ɗaura igiyar takalmi, ƙafa ɗaya a ciki ɗaya a waje, ya bar labule a ɗage. Na ce masa, "Ko ka shiga ko ka fita, ƙuda na shigo min." Ya yi dariya ya fita. Kafin azahar ya faɗi a gefen motarsa a tashar Tudu, fasinjoji suna ciki suna jiran sa. Hawan jini ne, wanda ya daɗe yana fama da shi. Kalmar da ta zama ta ƙarshe tsakanina da shi ke nan, zancen ƙuda.

Na shiga takaba. Kada ki ji kamar ina zargin takaba. Allah ne Ya sa ta, kuma Ya yi mata iyaka. Amma tsofaffin unguwar nan suna da nasu ƙarin da suke ɗorawa a kai. Kada ki ɗaga murya, kada ki tsaya a bakin ƙofa, kada a ji dariyarki, kada ki taɓa sana'a. Hajiya Memuna, mai gidan da muke haya, ita ta karɓi ragamar, ta sa aka ɗauke tukwanen kokona aka kai bayan gida aka kife. Da farko ɗaki cike yake da mata, ana shiga ana fita, ana kawo abinci. Sannu a hankali kowa ya koma kasuwarsa, aka bar ni da tabarma da carbi da bango. Sai daga baya limamin masallacinmu ya gaya min cewa addini bai hana mai takaba fita da rana neman abincinta ba. Da na tambaya tun farko da na sani. Ban tambaya ba, na ɗauka duk abin da tsohuwa ta faɗa da ƙarfin murya daga littafi ya fito.

A cikin shirun nan ne maganar ƙuda ta fara zuwa. Ina ganin ƙofar, ina ganin takalmin, ina jin muryata. Sai in ce, da na ce masa ya zauna ya sha koko fa? Da na kalli fuskarsa, da na ga alamar ba shi da lafiya? Wace irin mace ce take korar mijinta saboda ƙuda? Sai in kai ƙarshe, in numfasa, sai ga ƙofar ta sake buɗewa, ga shi yana ɗaura takalmi. Kakata idan tana ba mu tatsuniya, komai tsawonta, komai ban tsoronta, akwai inda za ta tafa hannu ta ce ƙurunƙus, mu tashi. Wannan tawa ba ta da ƙurunƙus. Kullum daga ƙarshe sai ta koma farko.

Abin da ya fi cutar da ni, Lami, shi ne ban gane cuta ce ba. Ji nake aiki nake yi. Ji nake idan na sake bin zancen sau ɗaya tak, a hankali, zan gano inda na yi kuskure, in samu amsa, in huta. Idan wani ya shigo yana min magana sai in ji haushi, kamar wadda aka katse tana tsakiyar lissafi. Haka na ga fuskarki shekaranjiya da na ce ki miƙo min ludayi. Don haka ga abin da na koya da wahala. Idan tunani ya zo miki, ki duba ko akwai abin yi a ƙarshensa. Idan akwai, ki tashi ki yi. Idan kuwa kin bi shi jiya, kin bi shi yau, bai ba ki ko aikin ɗaga tsinke ba, sai ƙarin nauyi a ƙirji, to ba neman amsa kike yi ba, ko da ya rantse miki cewa amsar tana bayan kwana ta gaba. Saƙon muryar nan ba zai faɗi sabon abu ba a sauraro na gaba. Ni na saurara tare da ke ta bango, na tabbatar.

Takaba ta ƙare. Aka yi min wanka da kitso, aka ɗinka min sabon zane, aka raba waina sadaka. Mata suka yi addu'a suka watse. Ni kuma na naɗe sabon zanen na koma kan tabarmata. Da aka ce in fito da tukwane, sai na ce a bar ni in ɗan huta da mutane.

Nan ne unguwa ta yi min abin da ta ɗauka alheri ne. Aka fara yabo na. Hajiya Memuna takan tsaya a tsakar gida ta ce a dubi matar Direba, wannan ita ce mace, ba irin na yanzu ba da suke fita takaba da jan-baki a jaka. Ana ganin carbi a hannuna ana cewa na koma ga Allah. Har amare ake kawowa su gaishe ni, wai su ga yadda ake riƙe amanar miji. Ni kuwa yatsuna ne kawai ke jan carbin, kaina yana bakin ƙofa da ƙuda. Wanka ma sai na yi ta shawara da kaina tun hantsi har la'asar, a ƙarshe in fasa. Amma yabon ya yi min daɗi, ba zan ɓoye miki ba, domin ya ba ni inda zan ɓuya. Wa zai ja waliyyiya ya ce ta fito ta dama koko?

Ki kiyaye wannan, domin ke ma irin fuskar da ake yabo gare ki. Za ki je ƙauye, sabuwar malama Musulma mai lulluɓi, ba ta yawo, ba ta surutu, daga aji sai ɗaki. Za su ce ba su taɓa ganin yarinya mai natsuwa irinki ba. Ranar da kika ji an fara wannan yabon, ki ji tsoro. Natsuwa ta gaskiya tana barin mutum ya ci abinci ya ji daɗinsa. Wadda take hana ki wanka wani abu ne daban.

Tunanin bai tsaya a kan ƙuda ba. Ya yi ta faɗi. Ya tono duk wata baƙar magana da na taɓa faɗa wa mahaifinki, da wadda na faɗa wa uwata, har da marin da na yi wa wata yarinya a makarantar allo. Na alheri ko ɗaya bai kawo ba. Ya tara su ya yanke hukunci cewa ni nauyi ce, kuma ku 'ya'yana kun fi samun tarbiyya a hannun gwaggonku. Ban yi gardama ba. A lokacin maganar ta yi min kama da gaskiya tsantsa, irin wadda mai hankali yake karɓa ba tare da kuka ba.

Wata rana da damina aka yi ruwa mai ƙarfi tun safe. Da ya ɗan tsagaita wajen azahar, sai na ga na ɗauki mayafi na fita, ban san inda za ni ba. Ƙafata ta kai ni kan gadar babban gota, kwalbatin nan da ya ratsa tsakaninmu da unguwar Nima. Kin san yadda yake idan ya cika. Ruwa ja yana gudu, yana ɗauke da robobi da kujera da murfin firij. Na dafa ƙarfen gadar ina kallo. A karo na farko tun rasuwar mahaifinki kaina ya yi tsit. Babu ƙofa, babu takalmi. Na ji wani sauƙi, kamar wadda ta sauke kaya bayan doguwar tafiya. Duk kukan da na sha a ɗakin nan bai ba ni tsoro kamar shirun kan gadar ba.

Sai na ji an damƙi zanena ta baya. Anti Akweley ce, matar nan 'yar ƙabilar Ga mai sayar da dokunu, tuwon masarar nan na cikin ganye, a bakin lungunmu, wadda kike cewa muryarta ta fi lasifikar masallaci. Tana ɗauke da babban baho a ka. Da Hausarta ta Zongo ta ce min, "Kai, matar Direba, me kana nema a nan? Zo ka kama mini wannan, wuyana zai karye." Kafin in yi magana ta sauke bahon ta danƙa min kunne ɗaya. Muka taho da shi har gida, tana ta zagin masu zuba shara a gota. Ba ta tambaye ni komai ba. Sai da muka ajiye na lura bahon ba shi da wani nauyi.

Washegari ta faɗo ɗakina ba sallama, ta buɗe taga, ta ce ɗakin yana warin akuyar da aka manta. Hajiya Memuna ta taso ta ce a bar baiwar Allah da ibadarta. Anti Akweley ta ce ita ba ta san ibadar Musulmi sosai ba, amma shekarunta a unguwar nan ba ta taɓa ganin ibadar da ke hana mutum wanke baki ba. Suka yi ta yi, ɗaya da Hausa ɗaya da Ga, kowa na fahimtar kowa. Bayan an lafa ta zauna kusa da ni ta gaya min cewa tana da ƙane da ya yi irin wannan zaman, kowa ya ce a ƙyale shi zai ware, kuma shi ba a samu wanda ya kama rigarsa ba. Ta ce gobe za mu asibiti, idan na ƙi za ta ɗauke ni a bahon.

Na so in ƙi. Kafin nan na sha rubutu, an yi min tofi, an turara min abubuwa iri-iri. Ban yi nadamar rubutun ba, sunan Allah ne. Nadamata ita ce na mayar da shi dalilin ƙin zuwa asibiti, kamar dai wanda ya nemi ɗaya ya yi wa ɗayan rashin kunya. Gaskiyar abin da ya hana ni kuwa tsoron baki ne. A nan Zongo, unguwarmu, idan aka gan ki a layin likitan ƙwaƙwalwa, kafin ki dawo gida an riga an ce kin fara tsince-tsince a bola, kuma ina da 'ya mace da za a zo nema wata rana. Sai da na sa muka hau trotro, motar haya, mai zuwa Kokomlemle, muka sauka, muka sake hawa wata, don kada a gane inda muka nufa. Anti Akweley ta biyo ni tana mita, tana cewa ko ɓarawo bai yi wannan kwane-kwanen ba.

Likitar mace ce, shekarunta ba su wuce naki na yanzu da yawa ba. Ta yi min tambayoyi a hankali, kan barci da abinci da abin da ke yawo a kaina, har ta zo kan tambayar da ba wanda ya taɓa yi min: ko na taɓa jin gara a ce ba na raye. Na ce eh. Ba ta zaro ido ba, ba ta yi salati ba, ta ci gaba da sauraro. Ta ce abin da ke damuna yana da suna, ciwon damuwa ne, kuma ana maganin sa.

Sannan ta yi min bayanin da zan so ki riƙe. Ta ce a cikin ƙwaƙwalwar kowane mutum akwai wasu sassa da suke farkawa idan ba ya yin wani abin da ke bukatar hankalinsa. Aikinsu shi ne zancen kai: abin da na yi jiya, abin da aka ce min, abin da zai same ni gobe. Ba laifi ba ne, da su mutum yake gyara halinsa. Idan aka kira shi ko aiki ya taso, sai su lafa, wasu sassan su karɓa. Ta ce masu duba ƙwaƙwalwa da na'ura sun lura cewa a wurin mai wannan ciwon, waɗannan sassan ba sa lafawa da sauƙi, suna ta aika wa juna magana ɗaya, mafi yawa mara daɗi, su kuma sassan da ya kamata su ce ya isa haka, a juya, sun yi rauni. Ta ce ba su gama sanin komai a kai ba, amma sun san wannan ba ragwanci ba ne, ba kuma raunin imani ba.

Sai na tambaye ta ko kamar injin nikanika ne da aka bari a kunne bayan gero ya ƙare. Ni da na yi shekaru ina kai niƙa na san ƙarar. Idan akwai hatsi a ciki, ƙarar mai laushi ce. Idan ya ƙare mai injin bai kashe ba, sai ƙarfe ya koma cin ƙarfe, haƙoran su yi ta goge juna, ba gari ba komai, sai zafi. Ta yi dariya ta ce za ta ari wannan ta riƙa faɗa wa wasu. Na fito daga ofishin nan da ƙwayoyi a jaka da ranar dawowa, kuma a karo na farko na daina kallon kaina a matsayin muguwar mace. Na koma kallon kaina a matsayin mara lafiya. Mara lafiya kuwa ana iya yi masa wani abu.

Ba a rana ɗaya na warke ba. Ƙwayoyin sun ɗauki makonni kafin in ji bambanci, kuma ina komawa muna zama da wata ma'aikaciya tana koya min yadda zan gane lokacin da injin ya tashi. Ta hana ni kokawa da tunanin. Ta ce in ce masa na gan ka, sannan in ba kaina wani abin da dole sai na sa hankali. Da na fito da tukwane na koma sana'a, sai na gano wani abu da kaina. Ba kowane aiki ne yake taimako ba. Damun koko hannuna ya san shi ko ina barci, don haka ina damawa kaina yana can bakin ƙofa. Amma sayarwa daban ce. Wannan ba ya son sukari, wancan a sa masa gyaɗa, waccan ta ce na jiya ya fi yaji, ga mai ƙosai tana ba ni labarin surukarta. A cikin wannan hayaniyar ba wurin ƙuda. Haka ma zikiri. Wanda nake yi ni kaɗai a ɗaki, baki na yi kai na wani wuri. Wanda muke yi da mata a makarantar Asabar, da murya, kowa na jin kowa, shi yake riƙe ni.

Na kuma yi wauta ɗaya da ba na so ki maimaita. Da na ji sauƙi, kuma wata rana Hajiya Memuna ta ga kwalin maganin ta tambaye ni na mene ne, sai na ce na ciwon ƙafa ne, na je na zuba sauran a masai. Ban gaya wa likita ba. Ba a daɗe ba na wayi gari ga ƙofar, ga takalmin, kamar ba su taɓa tafiya ba. Da kunya na koma asibiti. Idan har aka ba ki magani, wanda ya ba ki shi ne zai ce ki rage ko ki daina, ba jin sauƙinki ba, ba idon maƙwabta ba.

Ban ce lallai abin da ya same ni ne ya same ki ba. Ni mai koko ce. Yana iya zama baƙin ciki ne na wanda aka yi wa wulaƙanci, kuma kina da hakkin yin sa, don abin da suka yi miki ba daidai ba ne. Amma likitar ta taɓa gaya min cewa ciwon yakan bi gida, ko da yake ba dole ba ne. Tun ranar nake kallon ku ɗaya bayan ɗaya, kuma ke ce kika ɗauko yadda nake yin shiru.

Ba zan hana ki tafiya ba. Aiki ne, kin yi karatu domin sa. Sai dai idan kin isa, aka ce ga ɗakin malamai can ƙarshen fili, shi kaɗai, ba mai damun ki, ki ce kin gode. Ki nemi ɗaki a gidan haya mai yara da kaji da mai gida mai shisshigi, irin wadda za ta buga ƙofa ta tambaye ki dalilin da ba ta ga hayaƙin girkinki ba. Za ta ba ki haushi. Ki biya ta kuɗin hayarta da murna. Kada ki ci abinci ke kaɗai idan da yadda za a yi. Ranar da babu makaranta ita ce abar tsoro, ki nema mata abin yi tun kafin ta zo. Kuma ki zaɓi mutum ɗaya a garin, Musulma ce ko Kirista, ki gaya mata gaskiya cewa idan ta ga kin ɓace kwana biyu ta shigo ko ba sallama.

Akwai abin da na bari sai yanzu, don hannuna ba ya son rubuta shi. Na tambayi wani direba abokin mahaifinki game da ƙauyen, ya ce ya san shi, gari ne mai kyau, makarantar tana bakin teku, daga aji ana jin ƙarar ruwa. Yana faɗa yana murna, ni kuwa sai da na nemi wuri na zauna. Lami, idan wata rana kin tsaya a wani wuri, ruwa ne ko ba ruwa ba, kika ji kanki ya yi tsit, kika ji wannan sauƙin da na gaya miki, kada ki yarda da shi. Ciwon ne ya kai maƙura, ba mafita ba ce. Ki juya a take ki nufi inda mutane suke, ki faɗa wa na farkon da kika gani da kalmomi a fili, ki kira ni, ki je asibiti a ranar. Kada ki tsaya tunanin kunya ko abin da za a ce a Zongo. Duk abin da za su ce na fi son in ji shi kina raye. Ni na samu mai baho ta wuce a daidai lokacin. Ba ni da tabbacin za a sake samun irin wannan sa'ar a gida ɗaya, kuma wannan rashin tabbacin ne yake hana ni jin ɗanɗanon abinci tun da kika kawo takardar aikin.

Saboda haka ga roƙona, guda ɗaya. Kafin motar Asabar, ki bari likita ya gan ki. Idan ya ce ba komai, zan ji kunya, ki yi min dariya har ki tsufa, na yarda. Idan kuma ya ce akwai wani abu, to ki tafi da saninsa, da maganinsa, da sunan asibitin da ya fi kusa da ƙauyen.

Gobe da safe ba zan dama koko ba, na riga na gaya wa masu saye su nemi wani wurin. Zan zauna a kan benci a ƙofar ɗakinki da mayafina a jiki. Idan kin fito da naki, sai mu kama hanya, trotro ɗaya, kai tsaye, duk wanda ya gan mu ya gan mu. Ba sai kin ce min komai ba, ni ma ba zan ce ba. Ke za ki shiga wurin likita, ni in jira a waje. Idan kuma ba ki fito ba, ba zan buga ƙofa ba, ba zan yi fushi ba. Zan dai ci gaba da zama, jibi ma haka.

Allah Ya tsare min ke daga abin da ake gani da wanda ba a gani, na waje da na cikin kai. Ya ba ki barci mai daɗi da farkawa mai sauƙi. Ya haɗa ki da masu buga ƙofa. Ya jiƙan mahaifinki, Ya kai ki lafiya, Ya dawo min da ke da ƙafafunki. Amin.

Wassalam.

Mahaifiyarki